Dabara Gaban Mai Makami: Darasi Daga Hanyar Isa

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da wakilan ikilisiyoyin yankin Sabon Birni da Isa

Na san waɗansunku sun baro gida tun da asuba, kuma na san abin da fitowa a kan hanyoyinmu take nufi a wannan zamani. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ba ni in yi magana a kan yadda mutum marar makami yakan kuɓuta daga hannun mai makami ta wurin saurin hankali. Ba tatsuniyar Gizo zan kawo muku ba. Zan ɗauko labarin wani baƙo da ya bi ta ƙasarmu, ya wuce ta Isa, sa'an nan mu duba abin da za mu koya daga wurinsa.

Baƙon da ya ratsa dajin Gundumi

A shekarar 1850 gwamnatin Ingila ta aiko da ayari daga Tarabulus domin ya ƙetare hamada, ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, ya kuma rubuto labarin hanyoyi da kasuwanni da ƙarfin kowace ƙasa. A cikinsu akwai wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Abokan tafiyarsa biyu Turawa duk sun mutu a hanya, ɗaya a 1851, ɗaya a 1852, ya rage shi kaɗai da barorinsa. Shi ba ɗan leƙen asirin soja ba ne, amma a wurare da yawa haka aka ɗauke shi, don kuwa duk inda ya sauka sai ya yi tambaya ya rubuta. Ya iya Larabci, ya kuma koyi Hausa.

A watan Maris na 1853 ya bar Katsina tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Suka biyo ta Zurmi da Badarawa har Isa, wadda a lokacin sansanin yaƙi ce a bakin iyaka. Ku tuna, tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808 ba a daina yaƙi tsakanin Gobirawa da Sakkwato ba. Gobirawa suna Tsibiri kusa da Maraɗi, wannan Sabon Birni na Ɗan Halima kuwa ba a riga an kafa shi ba. Tsakanin Isa da Wurno akwai dajin Gundumi, inda mahara suke tare matafiya. Ayarin bai tsaya yin faɗa da kowa ba. Suka shiga dajin, suka yi ta tafiya dare da rana, kimanin sa'a 26 ba zango, har suka fito kusa da Gawasu, inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani.

Ga darasi na fari tun kafin mu yi nisa. Kakanninmu sun san irin wannan tsoron hanya, kuma abin da ya fid da matafiya a ranar shi ne sanin lokacin tashi, tafiya cikin ayari, da rashin ɓata lokaci a wurin da bai kamata a tsaya ba.

Ranar da māsu suka kewaye shi

A ƙasar Hausa da Barno, Barth bai ɓoye cewa shi Kirista ne ba. Amma da ya ƙetare Kwara a garin Sayi, ya nufi Tumbutu, sai ya shiga yankin da ke ƙarƙashin ikon Hamdallahi ta Masina, inda aka tabbatar masa ba za a bar Kirista ya wuce da rai ba. A hanya ya haɗu da wani Balarabe mutumin Walata, mai zaƙin baki, mai jin harsuna da yawa. Suka shirya a riƙa cewa Barth sharifi ne daga Gabas, yana kai wa Shehu Ahmad al-Bakkay na Tumbutu littattafai.

A watan Yuli na 1853, bayan sun bar Dori, wadda yanzu take cikin Burkina Faso, sai kwatsam mutane tsakanin 150 da 200 suka fito musu da māsu da garkuwoyi, suka kewaye shi. Barth yana da bindiga a hannu. To, amma bindigar wancan zamani mutum nawa za ta kayar kafin mashi ya same shi? Sai mutumin Walata ya ɗaga murya ya ce musu wannan sharifi ne, abokin Shehu al-Bakkay, littattafai ya ɗauko masa. Nan take suka sauke māsu, suka matso suna roƙon ya sa musu albarka. Barth da kansa ya ba da labarin yadda ya bi su yana ɗora hannu a kawunansu.

Mu duba abin da ya faru da kyau. Mutumin Walata bai yi musu barazana ba, bai kuma roƙe su ba. Ya san sunan da suke girmamawa, ya kira shi a daidai lokacin. Mai makami ma mutum ne, yana da abin da yake tsoro, yana da wanda yake jin kunya. Wanda ya san wannan ya riga ya riƙe abin da ya fi mashi tsawo. Shi ya sa Hausawa suka ce dabara ta fi ƙarfi.

Amma labarin bai ƙare a nan ba. Wannan mutum da bakinsa ya ceci Barth, shi ne kuma ya yi ta cutarsa a hanya, yana karkatar da kyautukan da aka ba shi ya kai wa manya, yana cin riba a kansa. Barth ya gane, amma ba shi da ikon korarsa, domin asirinsa yana hannunsa. Wanda ya iya yi maka ƙarya, ya iya yi maka ita a kanka.

Sun isa Tumbutu ran 7 ga Satumba 1853, ba a daɗe ba kuwa aka san ko shi wane ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sarkin Masina ya nemi a kore shi ko a miƙa shi. Abin da ya tsare ransa watanni da yawa a can shi ne amanar Shehu al-Bakkay, babban malamin Musulunci, wanda ya ce wannan baƙonsa ne, ya tsaya masa, ya rubuta wa Hamdallahi yana kāre shi, daga baya ya raka shi da kansa har ya fita daga hatsari. Barth ya koma Turai a 1855.

Ɓad da kama ba kullum take ci ba

Ga wani labari kuma daga ƙasar Gobir. Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarkin Kano Alu yana Sakkwato. A kan hanyar komowa ya rabu da jama'arsa da dare, ya yi arewa. Turawa sun rubuta cewa ya yi shigar fataken gishiri. Duk da haka aka gane shi a ƙasar Gobir, aka miƙa shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Sarki guda, mai hankali da sanin duniya, amma ya shiga wurin da ba shi da mai rufa masa asiri. Barth ya sami al-Bakkay, Alu bai sami kowa ba. Bambancin ke nan.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Hushai a littafin Sama'ila na biyu, sura 15 zuwa 17. Dawuda yana gudu, Absalom yana da runduna, Ahitofel ya ba da shawara a bi Dawuda a daren da mutum 12,000. Hushai ya kawo wata shawarar da ta yi wa girman kan Absalom daɗi, wato a jira a tara dukan jama'a tukuna. Abin da Hushai ya samo wa Dawuda lokaci ne kawai, har ya ƙetare Urdun. Kuma saƙon bai isa ba sai da firistoci biyu, da 'ya'yansu, da wata baranya, da matar da ta ɓoye samarin a rijiya, kowa ya riƙe bakinsa. Dabara takan sayo ɗan lokaci. Mutanen amana su ne suke mai da lokacin nan ya zama ceton rai.

Halin da muke ciki

'Yan'uwa, ba sai na gaya muku abin da idanunku suka gani ba. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da namu. A Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyarmu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Dubban mutanenmu sun yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Ba sai na kira sunan manyan daji ba, kun san su. Wannan masifa ba ta tambayi addinin kowa ba.

Abin da nake so mu lura shi ne, a yau leƙen asiri ya fi yi wa mai bindiga aiki. Ta yaya na daji ya san wanda ya sayar da shanu ran kasuwa, ko gidan da ɗansu ya aiko da kuɗi daga Legas? Da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa ma ba infoma aka biya ba, mu ne muka faɗa da bakinmu a tasha, a wurin mai shayi, ko a waya da ƙarfi cikin mota. Saboda haka dabararmu ta fari ita ce mu hana mai makami abin da ya fi bukata, wato labari.

Ina roƙon dattawa su duba waɗannan abubuwa a kowace ikilisiya:

1. Sanarwa. Kada a faɗi ranar tafiyar fasto ko ta wani ɗan'uwa daga kan bagadi, kada kuma a karanta jimlar baiko ko kuɗin godiyar kaka a gaban kowa da kowa. Ma'aji da dattawa biyu sun isa, a ba da rahoto a taron majalisa.

2. Waya. Hoton sabon babur ko buhunan hatsi da aka sa a WhatsApp ko Facebook ba ya tsayawa inda aka aika shi. Matasa, ku ji wannan.

3. Yara. A koya musu cewa in baƙo ya tambayi inda baba ya tafi ko shanu nawa ke gida, su ce ya tambayi manya.

4. Hanya. A yi tafiya cikin jama'a, a tambayi direbobi da waɗanda suka fito daga can kafin a tashi, kada a saba da rana ɗaya da lokaci ɗaya kullum.

5. In an faɗa hannunsu. Kada a yi gardama, kada a yi gudun da ba shi da mafita, kada a nuna jarumtaka. A yi magana a hankali, a taƙaice. Dukiya takan dawo, rai ba ya dawowa.

6. Zargi. Kada mu nuna wani da yatsa mu ce infoma ne don ƙabilarsa, ko don muna da tsohuwar gaba da shi. An zub da jinin marasa laifi a yankin nan ta wannan hanya, abin kuwa ya ƙara wa wutar itace. Wanda ya ga abin shakka ya gaya wa dattijo ɗaya amintacce, shi kuma ya kai wa mai gari ko jami'an tsaro a asirce.

Na san wani zai tambaye ni, to, ya halatta mai bi ya yi ƙarya don ya tsira, kamar yadda Barth ya yi? Ba zan yaba wa abin da ya yi ba. Ya karɓi girman da ba nasa ba, ya kuma zama bawan wanda ya riƙe masa asirin. Ga abin da nake gani. Tsakanin ƙarya da tona asiri akwai fili mai faɗi, sunansa shiru. Ba kowane mai tambaya ne yake da hakkin a ba shi amsa ba. Wanda ya zo da bindiga yana tambayar inda maƙwabcinka ya ɓuya ba shi da wannan hakki. Wanda kuma tsoro ya sa ya faɗi abin da ba haka ba a bakin bindiga, kada ikilisiya ta zauna shari'a a kansa. A karɓe shi, a yi masa addu'a, a bi da shi da tausayi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi girma. Mu kaɗan ne a wannan yanki, ba mu da yawan da za mu tsare kanmu mu kaɗai. Wanda zai buga maka ƙofa da dare ya ce kada ka bi hanyar nan gobe, sau da yawa maƙwabcinka ne Musulmi, wanda ka je masa gaisuwar mutuwa, ka halarci sunan ɗansa, ka biya shi bashinsa a kan lokaci. Irin wannan amana ba a ƙulla ta ranar da aka ji harbi. Tun yau ake shuka ta. Mu ma in mun ji labarin hatsari, mu kai musu kamar yadda muke so su kawo mana.

Ina roƙon kowane wakili, in ya koma, ya zauna da majalisar dattawansa kafin ƙarshen watan nan, su duba yadda ake yin sanarwa da ajiyar kuɗi, su kuma zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓar mai gari da limamin unguwa. A taro na gaba mu ji abin da aka yi.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare fitarmu da shigarmu, ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi, ya dawo da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ya kawo salama a ƙasar Gobir. Amin.