Bashin dala da haɗin kan ƙasashen Asiya

'Yan'uwa, a farkon shekarun 1990 babu ƙasashen da Turawa suke yabo kamar na gabashin Asiya. Har kirari suka yi masu, wai damisoshi. Alhali ginin nan a kan bashi yake tsaye. Bankuna da kamfanonin Tailan, Indonesiya da Koriya ta Kudu suna ranto dala daga waje, bashi mai gajeren wa'adi, su zuba a gine-ginen da sai bayan shekaru za su mayar da kuɗi. Ciniki da kuɗin gida, biyan bashi da dala.

Ranar 2 ga Yulin 1997 Tailan ta gaza kare darajar kuɗinta, ta sake shi ya faɗi. Nan take masu ba da bashi suka shiga janye dukiyarsu daga yankin baki ɗaya. A Indonesiya, dalar da ake saye kimanin rufiya 2,400 sai da ta haura 16,000 a 1998. Wato wanda ya ranci dala, bashinsa ya ninka fiye da sau shida bai ƙara karɓar ko kwabo ba.

To, Japan ta kawo shawara a Satumbar 1997 cewa Asiya ta kafa asusun lamuninta na kanta. Amurka da IMF suka ce sam. Sai dole aka je wajen IMF ɗin, da sharuɗɗan da duk wanda ya ga SAP na 1986 a Nijeriya ya san kamanninsu: a rufe bankuna, a ƙara kuɗin ruwa, a janye tallafi. Akwai hoton da 'yan Asiya ba su manta ba. Ranar 15 ga Janairun 1998, Suharto ya sunkuya yana sa hannu, shugaban IMF Michel Camdessus yana tsaye a kansa, ya harɗe hannuwa a ƙirji. A watan Mayu aka ƙara kuɗin mai, gari ya yamutse, ranar 21 ga watan Suharto ya sauka. Ba wanda zai yi wa azzalumi kuka, amma talaka ne ya biya.

Mahathir na Malesiya shi ya ƙi. A Satumbar 1998 ya toshe ƙofar fitar da kuɗi, ya ɗaure dala a ringit 3.80. Aka yi ta yi masa dariya, ƙasar kuma ta farfaɗo.

Daga wannan wulaƙanci aka samu yarjejeniyar Chiang Mai a shekarar 2000. Ƙasashen ƙungiyar ASEAN da Sin, Japan da Koriya ta Kudu suka amince su riƙa ranta wa juna kuɗi idan ta ɓaci. A 2010 aka mai da abin asusu guda na dala biliyan 120, daga baya aka ninka zuwa 240.

Amma a nan ne ya kamata 'yan'uwa su buɗe ido. Su da kansu suka rubuta cewa ƙasa ba za ta ɗebi kasonta duka ba sai ta shiga shirin IMF. Da farko kashi 10 cikin 100 kawai aka yarda a ɗiba ba tare da shi ba, sai a 2021 ya kai 40. Dalili? Mai kuɗi, wato Japan da Sin, ba ya son ya zama shi ne zai tsare maƙwabci da sharaɗi, kuma bai yarda za a biya shi ba. Shi ya sa da guguwar 2008 ta taso, Koriya ta Kudu ta tsallake wannan tsari, ta nufi babban bankin Amurka ta ƙulla musayar dala biliyan 30.

Inda aka ɗan taɓa jijiyar matsalar shi ne a ciniki. A 2016 Malesiya da Tailan suka buɗe wa 'yan kasuwarsu hanyar biyan juna da kuɗin gida ba sai an nemi dala ba. Indonesiya ta shigo cikinsu a 2018.