Jawabi Kan Ruwan Farko da Haɗarin Shuka da Wuri a Ƙasar Kafanchan

Manoman kudancin Jihar Kaduna sun san shekara tana da wani gaɓi mai ruɗarwa, watau daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu. Sanyin hunturu ya wuce, hazo ya kau, zafin bazara ya kankama. Ɗorawa ta fid da jajayen furanninta masu kama da tuntu, mangwaro ya soma nuna, itatuwan da suka kaɗe kuma sun fara sabon toho tun ɗigon ruwa bai sauka ba. Da yamma akan hangi gajimare ya taru bisa duwatsun Kagoro, iskar da ta yi wata da watanni tana kaɗowa daga arewa maso gabas ta juyo daga kudu maso yamma, da ɗanshinta. Sai wata rana hadari ya haɗo, guguwa ta taso, a sheƙa ruwa. Kashegari shinge ya cika gindin fitila, ƙasa na ƙanshi, kowa ya shiga neman fartanyarsa.

Waɗannan alamu duk gaskiya ne, kuma ba a raina sanin da magabata suka tara a kansu. Amma fa abin da suke nunawa shi ne damina ta kusa. Ba su nuna ta zauna, alhali kuwa zamanta shi ne abin da iri yake bukata.

Masana yanayi sun bayyana dalilin haka. Iska iri biyu ce ke mulkin Afirka ta Yamma: busasshiya daga hamadar Sahara, da mai laima daga tekun Atlantika. Iyakar da suke haɗuwa takan tashi daga bakin teku a farkon shekara ta yi ta matsowa arewa har zuwa watan Agusta. Sai dai tafiyar tata irin ta maƙetaci ce, ta yi gaba yau ta ja baya gobe. In ta ƙetare Kafanchan na 'yan kwanaki sai a sami ruwa; in ta koma kudu sai busasshiyar iska ta dawo, a yi mako biyu ko uku sama tana wasai. Ƙasar Jama'a da Kagoro, da yake tana gindin tsaunukan Jos ta wajen da iska mai laima take bugowa, takan riga Zariya da Kano samun ruwa da makwanni, ta kuma fi su yawansa. Wannan ni'ima ce, amma ita ce kuma ke sa mutanen wurin saurin amincewa da ruwan da bai tabbata ba.

Mutanen ƙasashen sanyi ma suna da irin wannan fargaba, ko da yake tasu ta jaura ce. A Faransa, ɗumin da aka yi a ƙarshen Maris na 2021 ya sa inabi da itatuwan marmari suka yi toho da wuri, sai matsanancin sanyi ya dawo a farkon Afrilu ya ƙone tohon, har manoma suka riƙa kwana suna hura wuta a tsakanin kunyoyi. A can sanyi ne ke dawowa, a nan kuwa fari ne.

Ƙwayar masara tana iya yin watanni a rumbu ba abin da ya same ta, amma da zarar ta sha ruwa ta kumbura, to, ta kama hanyar da ba a juyawa. Cikin kwana 4 zuwa 7 takan ɓullo, ta rayu a kan guzurin da ke cikin ƙwayar na ɗan lokaci, saiwarta kuwa ba ta wuce saman ƙasa ba tukuna. Ruwan farko yakan zo da ƙarfi bisa ƙasa mai tauri, rabinsa ya gudu zuwa rafi, abin da ya shige bai fi zurfin yatsa ba. Ranar bazara kuwa tana iya tsotse milimita 5 ko fiye a yini ɗaya. Ke nan ruwan milimita 20 ba ya kai mako guda. Tsiro ya lanƙwashe ya bushe, manomi ya koma kasuwa neman wani iri a lokacin da kowa ke nema.

Asarar ta fi ciwo ga mai citta. A Kachia da Kwoi da Kagarko da Jama'a citta ita ce jarin gida, da ita ake biyan kuɗin makaranta a yi rufin kwano, irinta kuwa daga cikin amfanin da za a sayar ake ware shi. Tun bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 iri mai lafiya ya zama abin riritawa. Cittar da aka binne ta sami laima ta fara ido, sa'an nan ƙasa ta bushe ta ɗau zafi, ko idon ya ƙone ko ita kanta ta lalace a ciki. Shi ya sa tsofaffin manomanta ba su wasa da lulluɓe gona da ciyawa ko ganye da zarar an gama shuka, kamar yadda mai doya ke ɗora wa kowane tulli 'yar hular ciyawa.

To, yaushe za a ce damina ta zauna? Wani ma'auni da aka fitar a cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Jamhuriyar Nijar a 1988 ya ce sai an sami milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin kwana talatin da suka biyo. Manomi ba ya iya ganin kwana talatin na gaba, gaskiya ne, amma yana iya auna abin da ya sauka. Gwangwani mai miƙaƙƙen gefe, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo, da safe a tsoma ma'aunin ɗan makaranta: milimita 25 daidai yake da inci ɗaya. Ya kuma haƙa gonar da kansa. In laima ta kai zurfin ɗani guda, ƙasar kuma ta dunƙule a tafin hannu ba ta wargaje ba, ana iya magana. Har wa yau, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran zaman ruwa a kowace ƙaramar hukuma. Hasashe ne, ba rantsuwa ba, amma ya fi ƙarfin jita-jitar kasuwa, kuma malamin gona yana iya karanta wa jama'a shi.

Ba a ce a naɗe hannu ba. Ruwan farko na huɗa ne da tada kunya da baza takin gargajiya. Jinkirin da ya wuce kima shi ma hasara ne, domin wanda ya riga kai ɗanyar masara kasuwar Kafanchan shi ke sayarwa da daraja. Dabarar da ta dace ita ce a raba iri kashi uku, a gwada kashi ɗaya a fadama ko gindin tudu inda laima ke daɗewa, a riƙe sauran har ruwa na biyu ko na uku. Takin zamani kuwa, musamman yuriya, kada a zuba shi a busasshiyar ƙasa. Ya bi iska, ko ya ƙone tsiron.

Mai lambu a bayan gida ya fi kowa sauƙi in yana da rijiya. Ya bar tumatir da barkono a gadon reno ƙarƙashin 'yar rumfa, ya riƙa rage musu ruwa da inuwa kaɗan-kaɗan mako guda kafin dashe, ya yi dashen da yamma, bayan ruwan da ya jiƙa ƙasa sosai. Kuɓewa da alayyafo kuwa yana iya shuka su da wuri, muddin ya ƙidaya bokitin da zai iya ɗebowa kullum in sama ta ɗauke.