Sabara a Harabar Gida: Lacca kan Shukar da Ba Ta Jiran Bokiti

Iyayen ƙasa, malamai, shugabannin manoma na Tambuwal da Kebbe, da ɗalibai, ina gaishe ku baki ɗaya.

An nemi in yi magana kan yadda za a ƙawata harabar gidaje da makarantu ba tare da ɓarnar ruwa ba. Maganata kuwa ba za ta wuce sabara da 'yan uwanta ba, wato geza da kalgo da magarya. Na ga wasu sun yi murmushi. Ai dole, tunda abin da muka saba yi wa sabara shi ne sassabe.

Ku duba al'adarmu. In an gina sabuwar sakatariya ko makaranta, sai a share filin tas, a sayo furanni da ciyawar da aka saba shukawa a garuruwa masu ruwa, a jera su gaban ofis. Damina ta ɗauke su zuwa Satumba. Daga nan sai bokiti, sai mai gadi ya gaji, sai injin rijiyar burtsatse ya lalace. Kafin bazara ta kai tsakiya sun ƙone ƙurmus. A bayan katangar nan kuwa sabarar da ba wanda ya taɓa ba ta ko kofi ɗaya tana nan da ganyenta.

Mutanen Kalifoniya a Amurka sun sha irin wannan darasi. Fari ya matsa musu daga 2012 zuwa 2016, har a 2015 gwamnan jihar ya umarci birane su rage shan ruwa da kashi 25 cikin ɗari. Da yawa suka tuge korayen ciyayin ƙofar gida suka koma wa tsirran dajinsu, ciki har da wani ƙaramin ice mai jan ɓawo da suke kira manzanita. Abin da ya fi kashe shi a lambu shi ne yawan ban ruwa lokacin zafi. Ba cewa nake mu nemo irinsa ba. Ba zai so ƙasarmu ba. Namu na nan a jigawa, daga Dogon Daji har Kuchi.

Wanda bai taɓa tsayawa ya dubi sabara da kyau ba, ya tsinko reshe ɗaya gobe. Ganyen ƙanana ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, launinsu kore mai toka-toka, da laushin gashi a jiki. Juya bayansa za ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe. Furen ɗan dunƙule ne mai ruwan ɗorawa, 'ya'yan kuma siraran tsinke ne da gashi mai sheƙi ya lulluɓe. Ƙanƙantar ganyen da gashin nan su ke rage mata asarar ruwa in iskar hunturu ta taso. Amma babban aikin a ƙarƙashin ƙasa yake.

Saiwar sabara na nutsawa mita da yawa har inda danshi ke kwana duk shekara. Da dare, in ganye ya daina fitar da ruwa, abin da saiwar ta jawo daga can ƙasa yakan tsattsafo a ƙasar sama ta ƙananan saiwoyinta. Masu bincike a Senegal, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun gwada wannan a gonar gwaji kusa da Thiès. Suka ba saiwar sabara ruwa mai alama a can zurfi, sai ga alamar ta bayyana a jikin geron da ke gefenta. An buga sakamakon a 2018. Ke nan shukar da muke sarewa don kada ta ci wa gero abinci, shayar da shi take yi in ruwa ya ɗauke. Tsofaffin manoma da ke cewa gero ya fi kyau a gindin sabara ba su yi ƙarya ba.

To yaya ake renonta? Hanya mafi sauƙi ita ce kada ma a shuka, a nemi kututturen da ke wurin. Wannan shi ne abin da maƙwabtanmu na Maradi ke kira sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya lura cewa 'yan tohon da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai da saiwarsu. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar da hekta miliyan 5. Aikin kuwa yaro ma zai iya. Ka tsuguna gaban kututturen, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka yanke saura da lauje ko adda mai kaifi. Saran ya tashi daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ka share rassan gindi har rabin tsayi. Masu cewa sabara maɓoyar maciji ce, ga amsarku nan: gindin da aka share, rana na shiga, maciji ba ya son sa.

Inda babu kututture, a lanƙwasa reshen wata sabarar a binne tsakiyarsa cikin damina, a danne da dutse. In ya yi saiwa a yanke a dasa. Ƙwallon magarya sai an fasa shi a ciro ƙwayar, irin kalgo kuma a jiƙa shi cikin ruwan zafi ya kwana. Dashe sai damina ta zauna, wajen farkon Yuli. A yi ramin da ɗan kwari, a ɗaga masa kunya mai siffar rabin wata ta gefen gangare don ya tare ruwa, kamar yadda manoman Tahoua ke yi. Taki kaɗan ya isa. Ranin farko kaɗai za a ba da ruwa, mai yawa amma jefi-jefi, don saiwa ta bi shi ƙasa. Mai yayyafa mata kullum yana koya mata zaman sama ne. Kada kuma a kai sabara fadama. Rairayi take so. Kalgo ya fi ta jure ƙasa mai nauyi, geza kuma ta fi son fako da tsakuwa.

Abokiyar gaba ta gaskiya akuya ce, sai mai neman icen girki. Shekara biyu na farko sai da shingen ƙaya.

Ba na ƙin darbejiya. Daga Indiya ta zo, ta kuma yi mana rana. Duk wanda ya sha inuwarta a tashar Tambuwal cikin watan Afrilu ya san haka. Sai dai inuwa daban, kwalliyar gaban aji daban. Layin sabara da aka aske daidai ƙugu zai yi shinge mai kyau, ganyenta kuma iyayenmu mata sun daɗe suna dafa shi don ciwon ciki da kuma masu jego.

Roƙona ga shugabannin makarantu da ke nan shi ne, kafin a yi sharar harabar bana, a zagaya da ɗalibai a ɗaura tsumma a kan kowane kututturen sabara da geza da kalgo, a gaya wa masu shara cewa mai tsumma ba a sare shi. Kowane aji ya ɗauki guda goma ya rena.