Hausawan Zango a Gana: Kasuwa, Gida da Takarda



An nemi in yi magana kan yadda baƙo ke sabawa da ƙasar da ba tasa ba, a gida da wurin neman abinci. Na ɗauki Hausawan Gana, domin zamansu ya daɗe har an ga jikokin jikoki.

Goro ne ya kai su. A da fatake kan tashi daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, su sauke a Salaga ta ƙasar Gwanja, su juyo da goro. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, sai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra, suka zauna a unguwannin baƙi da ake kira zango. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi yana karantarwa har rasuwarsa a 1934.

Ta fuskar sana'a ba su sha wuya ba, kuma sirrin shi ne maigida. Baƙo ya sauka gidansa, ya ci tuwonsa, ya ajiye kaya. Maigida ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa in za a ba da bashi. Mutumin da bai iya ko gaisuwa da yaren Ashanti ba sai ga shi yana ciniki a makon farko.

A cikin gida aka yi sauyin gaske. Aka yi auratayya da 'yan ƙasa, yara suka tashi da harshe biyu ko uku. Hausar ma ta sauya: za ka ji an ce wa mace "ya zo". Bakano kan yi dariya, ni kuwa ban ɗauke shi lalacewa ba. Harshe ne da Mossi da Zabarmawa da Kotokoli da Yarabawan zango suka ɗauka don su fahimci juna, dole ya sauƙaƙa. Masu masaukin ma ba su tsira ba, domin koko da ƙosai da wake da shinkafa sun fita daga zango sun zama abincin kowa.

To, ina matsalar? Zango ya wadatar da mutanensa har suka ga ba su da buƙatar waje. Akwai masallaci, akwai makarantar allo, akwai sarkin zango mai sasanta rigima. Makarantun boko yawanci na mishan ne, iyaye suka ƙi kai 'ya'yansu, kuma tsoronsu ba na banza ba ne. Amma sakamakonsa shi ne aikin gwamnati ya wuce su, takardar zama kuwa ba wanda ya damu da ita. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Dubban mutane suka kwashe, har da waɗanda aka haifa a Kumasi, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ne ba. Sun iya yare, sun yi surukuta, sun gina gidaje, duk bai hana ba.

Waɗanda suka rage sun gyara. Yau 'ya'yan zango na jami'a da majalisa, an kuma kafa asusun raya zanguna da dokar 2017. A 2019 Babban Limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci wata majami'ar Katolika a Akra yayin bikin cikarsa shekara 100, bai kuma cire rawaninsa ba.

Malamai da iyaye, yaranmu na fita Saudiyya da Libiya da Turai. Kafin ku tambaye su nawa suke aikowa, ku tambaye su ko takardunsu na da rai, ko sun fara koyon harshen ƙasar, ko 'ya'yansu na makaranta.