Kafin a Tayar da Tsohuwar Akori-Kura

Da kaka ta kama a yankin Funtuwa da Malumfashi, sai a janyo tsofaffin akori-kura irin Fijo 504, waɗanda suka yi watanni a ajiye, domin kai masara kasuwannin Dandume da Bakori. Da yawa na ganin in an sa batir inji ya tashi, an gama. Alhali fetur da ya daɗe a tanki yakan lalace ya toshe kafireto, man birki yakan tsotsi danshin damina ya rage ƙarfin kamu, taya takan tsattsage tun zanenta bai cinye ba, ɓeraye kuma su ci wayoyi.

Wani zai ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 aljihu ba ya ɗaukar wannan hidima. Gaskiya kuɗi sun yi wuya. Amma kuɗin juye baƙin mai da duba birki bai kai asarar buhunan masara in mota ta kife ba, balle ran direba da yaran mota. A kai ta wurin bakanike, a gwada ta babu kaya, sannan a yi lodi.