Amsar Wasiƙa Daga Karfi: Zane Ko Injiniya?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Karfi, ƙasar Malumfashi. Wani manomi ya ce ɗansa zai shiga aji huɗu na sakandare, an ce ya zaɓi darussa. Yaron zane ya sa gaba, uban kuwa injiniya yake so ya zama. Yana tambaya, shin zane ba ɓata lokaci ba ne?

To Malam, zane iri biyu ne. Akwai na ƙawa, wanda har digiri ake yi a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai kuma zanen gine-gine da injuna. Da shi ake fitar da fasalin gada ko injin gurzar auduga tun kafin a taɓa ƙarfe. In hannun yaron ya faɗa, wannan na biyun zai raba muku gardama.

Amma fa ka lura, jami'a ba ta ɗaukar yaro karatun injiniya sai ya ci lissafi, fizis, kemistiri da Turanci. In ya yar da ɗaya tun yanzu, gyara sai an sha wuya.

Sannan ka taka da ƙafarka zuwa makarantar, ka tambayi shugabanta: akwai malamin darasin? Akwai kayan aiki? Bayan an kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982, makarantu da yawa sun karɓi injunan koyarwa, ba lantarki, suka yi tsatsa cikin akwatunansu. In ka tarar babu, ka bincika kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Funtuwa, ai ba nisa.

Allah ya yi wa yaron albarka.