Jawabi Kan Mota Mai Fetur Da Batir: Ko Sayenta Riba Ce?



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai, masu mota suka shiga lissafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Shi ya sa aka fara zancen motar da ake kira haibirid.

Wannan mota tana da injin fetur, tana kuma da babban batir mai tura ta. Kamfanin Toyota na Japan ya fito da irinta mai suna Prius a 1997. Yawancinsu ba a jona su da wutar lantarki. Duk lokacin da direba ya taka birki, batirin yana samun caji. Idan ta tsaya a cunkoso, injin yakan mutu da kansa, mai ba ya ƙonewa.

To, wa take yi wa rana? Direban da ke yawo cikin gari, daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura, ya tsaya nan ya tsaya can. Misali, in motarsa ta da tana shan lita 10 a yini, wannan za ta iya shan 7. Lita 3 kullum, a wata lita 90 ke nan. Amma a doguwar hanya, kamar Katsina zuwa Kano, rangwamen ba ya kai haka, domin injin ne ke yawan aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne batirin. A Amurka, tun ƙirar 2020, garantin shekara 10 Toyota ke bayarwa a kansa. Motocin da ke iso mana kuwa galibi na hannu ne, wasu sun wuce shekara goma. Zafin rana irin namu da ƙurar hunturu suna rage masa kwana. In ya mutu, kuɗin sabo zai iya cinye ribar man da aka daɗe ana tarawa. Kuma ba kowane bakanike ne ya iya gyaransa ba. Wutar da ke cikinsa tana iya kisa.

Manomin da ke ɗaukar buhunan gero a hanyar burji, wannan mota ba tasa ba ce, domin Prius cikinta a ƙasa yake. Mai haya a cikin gari kuwa, kafin ya biya, ya kai ta wurin mai na'urar kwamfuta a auna lafiyar batirin, ya kuma tambayi farashin sabo.